Rajista cike, aji wayam: labarin fashin yara a wata firamaren ƙauye a Kano

Asalin lamarin

Makarantar da zan ba da labarinta firamaren gwamnati ce a wani ƙauye cikin jihar Kano. Ba zan ambaci sunan garin ko ƙaramar hukumar ba, saboda mutanen da abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma har yau tare muke aiki. Ni malamin aji ne a wajen. Garin na manoma ne, gero da dawa da gyaɗa da wake, ga ɗan kiwo, in rani ya yi samari su watse ci-rani. Akwai kasuwar mako da take ci ranar Laraba a garin da ke gaba da mu, tafiyar ƙafa ba ta kai awa ɗaya ba. Makarantar kuma bulo biyu ce, aji shida, ɗaya iska ta yaye rufinsa tun kafin a turo ni, sai famfon tuƙa-tuƙa da ya daɗe da lalacewa.

Ga wanda bai san tsarin ba, shirin UBE Obasanjo ne ya ƙaddamar da shi a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta ce karatun shekara 9 na farko, wato firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma dole ne. Hukumar da ke kula da shirin a Abuja ita ce UBEC, ta jiha kuma SUBEB, a kowace ƙaramar hukuma kuma akwai ofishin ilimi da muke kira LGEA, sakataren ilimi ke riƙe da shi, mu dai ES muke cewa. A ƙarƙashinsa akwai jami'an da ke zagaya makarantu suna tallafa wa malamai, ana ce musu SSO, da masu shiga cikin jama'a suna wayar da kai. Wannan tsarin ya ƙara ƙarfi ne a Kano zamanin ESSPIN, shirin tallafa wa ilimi da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008, haka ma kwamitin SBMC da ake so kowace makaranta ta samu, wanda ya haɗa masu gari da iyaye maza da mata da hedimasta. Namu kwamitin yana nan a takarda, amma lokacin da na zo ko mambobinsa ba su san juna a matsayin mambobi ba.

2019: an cika rajista

A 2019 gwamnatin Ganduje ta shelanta ilimi kyauta kuma dole. Aka turo takarda, mai shela ya zaga gari, dagaci ya tara masu unguwanni, iyaye suka yi ta kawo yara har da waɗanda ba su isa shiga ba. Rajista ta cika maƙil, ajina kaɗai sunaye sun haura 70. Kowa ya ji daɗi, hedimasta ya kai adadi ofis aka yaba masa. Sai dai tun a zangon farko na lura benci da tabarma suna isar mu, alhali in da duk wanda ke rajista zai zo da ko wajen tsayuwa ba za a samu ba. Ba wanda ya tambaya. Abin da ofis ke nema a fom shi ne yara nawa aka ɗauka, maza nawa mata nawa, shi kenan.

Maris zuwa Oktoba 2020: hutun korona

Aka rufe makarantu a Maris 2020, ba a dawo ba sai Oktoba. Wata kusan bakwai yaro yana gida, kuma damina gaba ɗaya ta faɗa a ciki. A wannan tsakanin kowane gida ya samar wa yaronsa abin yi, wannan kiwo, wannan gona, wannan an kai shi wajen mai faci ko mai cajin waya, 'yan mata kuma talla safe da yamma. Da aka buɗe sai ya zamana gidan ne ya saba da aikin yaron, cire shi daga aikin asara ce da uwa ko uba ke gani da idonsu a ranar. Kuma an buɗe ne daidai lokacin cirar gyaɗa da roron wake. Yaran ba su bar makaranta kwata-kwata ba fa, nan ne abin yake da wuyar kamawa, suna zuwa yau su yi fashi gobe da jibi, wani ya zo da safe daga an fita tara ba za ka sake ganinsa ba.

Rajista kuwa tana nuna kowa na zuwa. Ba zan ɓoye ba, yawancinmu ranar Juma'a muke zama mu cike ta mako guda, ni ma na yi, domin an saba rajista mai yawan fashi laifin malami ce, in sufabaiza ya gani kai za a yi wa faɗa.

2021: shela, barazana da bulala

Abu na farko da ofishin LGEA ya yi da ƙorafi ya kai gare shi shi ne gangami. Aka zo da mota da lasifika, aka taru a ƙofar gidan dagaci, jami'i ya karanta wa mutane abin da dokar 2004 ta tanada, cewa uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta karon farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya sake naira 5,000 ko wata biyu. Dattawa suka saurara, suka ce an gode Allah ya saka da alheri. Makon da ya biyo baya aji ya cika har da tsofaffin fuskokin da na manta, mako na biyu ya ragu, kafin wata ya ƙare mun koma gidan jiya. Ba a kama kowa ba, kuma kowa a garin ya san ba za a kama ba, wa zai kai ƙarar maƙwabcinsa da suke sahu ɗaya a masallaci? Sannan taron maza ne zalla, alhali wadda ke ɗora wa yarinya farantin talla tana cikin gida ba ta ji komai ba sai amon lasifika.

Na biyu namu ne na cikin gida. Hedimasta ya sa a riƙa tsare ƙofa, duk wanda ya zo bayan an shiga aji bulala ko tsintar leda. Wannan kam ɓarna ya yi. Yaron da ya ga rana ta ɗaga ya san duka ke jiransa sai ya zarce bayan gari ya zauna har a tashi, mai makara ya koma mai fashi.

Akwai kuma ciyarwar gwamnatin tarayya da aka fara a 2016, ta naira 70 kan kowane yaro a rana, 'yan aji 1 zuwa 3. Gaskiya tana jawo ƙananan, ranar da mai abinci ta zo za ka ga har da ƙannensu a goye. Amma da an suɗe kwano rabinsu sun bi ta katangar da ta rushe, kuma 'yan aji 4 zuwa 6, waɗanda su ne aikin gida ya fi ci, ba sa ciki.

Farkon 2022: wanda ya zo ya ƙirga kai

A zangon karatu na biyu aka canza mana SSO. Dattijo ne, tsohon hedimasta, a kan tsohon mashin ɗinsa yake zuwa. Zuwansa na farko ranar Laraba ne bayan an dawo daga tara, ba sanarwa. Ya shigo ajina ya yi sallama, bai karɓi rajista ba tukun, ya ce yara su miƙe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓa kai yana ƙirgawa, ba su kai 25 ba. Sannan ya buɗe rajista, ya ga ta makon jiya duk kowa ya zo. Na tsaya ina jiran faɗa. Sai ya ja ni waje gindin darbejiya ya ce Malam, shi ma ya cike irin wannan rajistar shekara da shekaru, ba takardar tuhuma ya zo bayarwa ba, abin da yake roƙo kawai mu ba shi mako shida na gaskiya, kiran suna sau biyu, da safe da kuma bayan tara, kuma ya yi alƙawari duk munin abin da ya fito shi zai tsaya gaban ES ya kare mu. Muna cikin maganar wata ɗalibata 'yar aji biyar ta wuce ta bakin makaranta da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, ta nufi hanyar kasuwa, da ta hango ni sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ƙara sauri. Ya tambaye ni sunanta na nan a rajista, na ce eh, ya ce to ita ma makon jiya an rubuta ta zo ko, na yi shiru.

Ya ja layi a bayan wani tsohon kalanda, kwanakin mako a sama, ajujuwa a gefe, aka manna a ofishin hedimasta, kullum kowane malami ya rubuta adadin safe da na bayan tara. Ya ƙara layi ɗaya a ƙasa wanda ba mu so ba, malamai nawa ne suka zo kafin ƙarfe takwas.

Da mako shida ya cika abin da takardar ta nuna ya ba mu mamaki, duk da a makarantar muke wuni. Fashin ashe yana da ranaku da lokuta. Laraba ce mafi muni, musamman 'yan mata daga aji huɗu zuwa sama. Bayan tara kullum ana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma da aka tambayi yaran da yawansu ruwa suke tafiya sha gida ko bayan gida, in sun je kuma a aike su. Litinin da Juma'a malamai ne ba sa cika, domin yawancinmu daga nesa muke zuwa, kuma duk ajin da malaminsa bai zo ba washegari ma yaransa raguwa suke. Sai wani abu da shi SSO ɗin ne ya gano, ranar Alhamis kusan ba mai makara. Ya yi ta juya abin har ya tuna Alhamis da Juma'a makarantar allo ke hutu. Ashe yaran da muke ta zane wa a bakin ƙofa daga gaban alaramma suke, ba a sallamarsu sai hantsi, su je gida su sha koko sannan su taho.

Tsakiyar 2022: aka fara da malamai

Ya kai takardar ofis, kuma ya cika alƙawari, ba wanda aka hukunta kan rajistar baya. Abin da ES ya fara yi shi ne abin da ke hannunsa, wato taransifa a cikin ƙaramar hukuma. Malamai biyu da ke zuwa daga can wani gefen aka mayar da su kusa da gidajensu, aka kawo mana biyu 'yan yankin, ɗaya mace ce mai NCE, matar aure a garin, wadda a da take hawa mashin kullum zuwa wata makaranta mai nisa alhali ga makaranta a bayan gidanta ba malama ko ɗaya. Ba sabon ɗauka aka yi ba, ba a kashe ko kwabo ba. Littafin sa hannu kuma aka ce ƙarfe takwas hedimasta ya ja layi ya ɗauki hoto ya tura wa SSO ta WhatsApp. An yi gunaguni sosai, wani abokin aikinmu ya yi wata guda ba ya gaisawa da hedimasta, amma dai aka saba.

Aka daina dukan makara gaba ɗaya. Hedimasta da SSO suka je har zauren alaramma bayan la'asar, suka cire takalmi suka zauna a ƙasa, hedimasta ya ce Allah gafarta Malam, alfarma muka zo nema, yaran naka ne mu ma aron su muke. Ba su ce ya rage karatu ba. Suka roƙi ya riƙa sallamar 'yan boko da wuri, su kuma suka ɗauki alƙawarin ba za a riƙe yaro ba bayan tashi da sunan shara ko wasanni har ya rasa karatun yamma. Alaramma bai amsa a ranar ba, sai bayan kwana biyu ya aiko babban almajirinsa cewa ya yarda. Alaramma na biyu a ɗaya unguwar bai yarda ba sam, kuma har yau yaran unguwar su ne masu makara.

Damina da kakar 2022: kwamiti da iyaye mata

Jami'ar wayar da kai ta LGEA ta zo ta sake tayar da SBMC, aka yi zaɓe a fili, dagaci ya wakilta ƙaninsa, liman ya shiga, aka sa mata. Amma aikin gaske a cikin gida aka yi shi, ita da sabuwar malamarmu suka riƙa shiga gida gida da sunayen yaran da suka yi fashin kwana uku a jere. Wannan ƙa'idar kwana uku ita ce ta zama ƙashin bayan komai, sunan yaro ya fito ranar Alhamis, kafin Litinin wani ya taka har gidansu, namiji mai unguwa ko ɗan kwamiti, mace kuma malama. Ba da faɗa ba, tambaya ce, lafiya ba mu ga wance ba?

Malamar ta ba ni labarin gidan yarinyar nan mai gyaɗa. Uwar ta jawo ta ɗaki ta nuna mata kwanuka da 'yan robobi da take tarawa ƙarƙashin gado, ta ce mata Malama ki duba, da kuɗin tallan nan nake zubin adashi, ranar da aka tashi aurenta in ba kayan ɗaki ni za a zaga ba uban ba, kuma shekara biyar tana zuwa bokon ko wasiƙa ba ta iya karanta min. Wannan magana ta biyun ta fi ta farko ciwo domin gaskiya ce. Malamar ba ta ce a daina talla ba, ta tambaye ta ƙarfe nawa kasuwa ke cika, ta ce sai bayan azahar. To me ya sa yarinya ke fita tun safe? Saboda ayarin ƙawayenta da safe suke tafiya.

Daga nan aka kai wa ES shawara ya amince a gwada na zango ɗaya, ranar Laraba a sa karatu da lissafi a farko, a sallami manyan aji da wuri su tafi tare. Wasu a ofis sun ce wannan halasta talla ne. ES ya ce a gwada dai a ga takarda. Laraba ta tashi daga ranar da ba a samun sulusin aji zuwa ranar da ake samun fiye da rabi. Aka kuma ware rabin awa kullum na koyon karatu da Hausa zalla, har ga 'yan aji biyar da shida, aka raba su bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, domin uwar can ta faɗi abin da ya kamata mu ji.

Famfo kuma kwamiti ya yi karo-karo bayan an sayar da amfanin gona, LGEA ta turo makanikin ƙaramar hukuma, ashe roba ce da wasu ƙarafa suka ci, abin da ya hana yara ruwa shekara da shekaru. Guduwar bayan tara ta ragu sosai tun a makon.

Abin da bai yi ba shi ne na gona. An roƙi iyaye su bar aikin yara sai Asabar da Lahadi, aka amsa da baki, amma ranar da aka kwana da ruwa aka tashi da shuka, ko lokacin noman farko, ajin maza wayam yake, haka ma makon cirar gyaɗa. Ba mu samo maganin wannan ba, illa dai yanzu suna dawowa in aikin ya wuce, da kuwa daga nan wasu suke ɓacewa har ƙarshen zango.

2023 zuwa 2024: da abubuwa suka yi tsanani

Farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira, malamai masu zuwa daga nesa suna da albashi a banki ba na mashin a hannu. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai. SSO ɗinmu da yake zuwa duk mako biyu ya koma sau ɗaya ko biyu a zango, domin da yawan man daga aljihunsa yake sha. A Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen tallafi na tarayya har da ciyarwa, 'yan aji ɗaya da biyu suka ragu a fili. Talla ma ta ƙaru, wannan karon ba don kayan ɗaki ba, don abin da za a ci da dare.

Duk da haka ba mu koma irin ta 2021 ba. Takardar bango tana nan, hedimasta ya ci gaba da ita ko ba mai zuwa dubawa, ƙa'idar kwana uku ma tana tafiya saboda masu yin ta a garin suke kwana. A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kwamitinmu ya rubuta takardar neman gyaran ajin da rufinsa ya yaye da banɗakin 'yan mata, ya haɗa da adadin masu zuwa na gaskiya na zango shida, aka miƙa ta hannun ES.

Inda aka tsaya da abin da na gani

A ƙarshen zangon 2024 ajina a rana ta yau da kullum ana samun wajen kashi biyu cikin uku na masu suna a rajista, bayan an cire sunayen da suka bar gari tuntuni, kuma yawancinsu suna kaiwa har tashi. Da muka fara ƙirga ba ma samun rabi. 'Yan matan aji shida har yanzu muna rasa su, yarinyar nan mai gyaɗa ta gama firamare tana karanta Hausa tsaf, amma ba ta shiga ƙaramar sakandare ba domin babu ita a garin, kuma uban bai yarda ta riƙa tafiya wani gari kullum ba. Wannan abin yana damuna har yau.

A ganina gangami da barazana sun faɗi ne saboda an ɗauka iyaye ba su san amfanin makaranta ba, alhali lissafi suke yi, kuma a lokacin lissafinsu daidai ne, malami ba ya zuwa, yaro ba ya iya karatu, ga aiki na jira a gida. Ofishin LGEA ba shi da kuɗin gina aji ko ciyar da yara, amma abubuwan da suka yi aiki duk suna hannunsa tun farko, ya tura malami inda ya dace, ya yafe rajistar baya don a samu ta gaskiya, ya ba hedimasta izinin lanƙwasa jadawalin Laraba, ya turo mace ta shiga inda maza ba sa shiga. Raunin abin shi ne kusan duka ya rataya ne a wuyan dattijo ɗaya da mashin ɗinsa. Ya kusa ritaya, kuma fom ɗin da ofis ke aiko mana duk farkon shekara har yanzu yara nawa aka ɗauka yake tambaya, ba shi da gurbin yara nawa ke cikin aji bayan tara.